Ɗinyar da Ta Rage a Maƙabarta

Tunda kin ce yaranki ba sa cin komai sai abin da aka sauke daga jirgi, zauna in ba ki misalin wata mata. 'Yar ƙauye ce da aure ya kai ta birni, ta kama sana'ar 'ya'yan itace, Allah kuma ya buɗa mata. Rumfarta cike da tuffa da inabi na ƙasashen waje, kowace tuffa da 'yar takarda manne a jikinta, tana sheƙi kamar an shafa mata mai. Duk lokacin kaka mahaifiyarta takan aiko mata da ƙwaryar ɗinya daga itatuwan bayan gari. Wata shekara sai ta aika a ce wa tsohuwar ta huta, ɗinya tana baƙanta wa yara baki, tana ɓata musu riguna. Ita kuma ta riƙa aika kwalin tuffa gida duk Sallah. Yaran ƙauyen suka ɗanɗana, suka fara raina abin da ke zubowa a ƙasa kyauta. Matan da ke kai ɗinya da kanya kasuwa suka ga ba mai taya, suka daina tsinta. Itacen da ba a cin 'ya'yansa kuwa, mai gawayi ba ya jin nauyin sa masa gatari.

Da tsufa ya kayar da mahaifiyar, sai 'yar ta ɗauko ta zuwa birni don jinya. Ta yanka mata tuffa a faranti, ta ɓare lemo, ta wanke inabi da ruwan sanyi. Tsohuwar takan ɗauki yanka ɗaya, ta sunsuna, ta ajiye. Rannan ta ce, “'Yar nan, bakina ɗinya yake so. Ko guda uku.” Matar ta zaga kasuwannin birni, masu kayan marmari suna yi mata dariya, wani ma bai san sunan ba. Ta hau mota ta tafi garinsu, lokacin kuwa kaka ce, daidai nunar ɗinya. Ta bi hanyar rafi inda suke tsinta suna yara, inda a da inuwa ke haɗuwa har ba a ganin rana, ta tarar da fili fetal, sai kututture da baƙin gurbin da aka ƙona gawayi. Wani makiyayi ya ce mata saura guda ɗaya a duk yankin, ya nuna mata da sandarsa. Tana tsakiyar maƙabarta, inda gatari ba ya shiga. Matar ta tsaya a bakin shinge tana kallo. Itacen ya yi 'ya'ya har rassansa sun sunkuya, baƙaƙe sun nuna, suna faɗowa a kan kaburbura, tsuntsaye na ci. Ƙamshin ya iso mata har inda take, yawunta ya tsinke, ta tuna yadda suke komawa gida da baƙin harshe ana yi musu faɗa. Ba mai cin abin da ya tsiro a kan mamata, ba kuma wanda za ta iya roƙo ya tsinko mata. Ta daɗe a tsaye, sannan ta juya hannu wofi.

Da ta koma, tsohuwar ta dubi hannunta, ba ta tambayi komai ba sai, “Ta yi 'ya'ya bana?” Ta ce, “Ta yi, Inna, sosai.” Tsohuwar ta lumshe ido tana motsa baki kamar mai tsotsar ƙwallo. Ba ta kai rani ba ta rasu. Har yau matar na zaune a rumfarta, kayan ƙasashe bakwai kewaye da ita, kuma duk wanda ta ji hausarsa ta ƙauye ce sai ta riƙe shi da tambaya ko akwai sauran ɗinya a wajensu. Yawanci sukan ce a da dai akwai.

Shi ya sa Hausawa suka ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.