Jatan Landen Ɗan Fari

Kande, tunda kin ce kunya ba za ta bar ki ki kira ɗanki na fari a waya ba, matso ki ji misali. An yi wata mata a Agege, ɗanta na fari yana aikin jirgin ruwa. Kin san halinmu da ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in ya shigo sai ta ce wa mutanen gida, “Wancan ya ci abinci kuwa?” Da zai yi doguwar tafiya, ya bar mata amanar wani jatan lande da yake kiwo a akwatin gilashi mai ruwan gishiri. Ba irin na miya ba ne. Wannan kore ne da ja, idanunsa a kan tsinke, ga hannuwa naɗe a ƙirji kamar ɗan dambe, naushi ɗaya yake fasa katantanwa. Yaron ya tsaya yana bayanin kiwonsa, ita kuwa ta kau da kai tana tsintar shinkafa, wai kada a ce ta damu. Na abinci da ruwa ta kama, sauran ya bi iska.

Yana tafiya, duk son da ta danne ta juye shi kan ƙwaron nan. Da safe in ya ƙwanƙwasa gilashi, ƙwas, sai ta ji kamar ɗanta ne ya yi sallama. In ba kowa a ɗaki, da sunan yaron take kiransa, sunan da bakinta bai taɓa furtawa a gaban mutane ba. Wallahi kewa ta ci matar nan.

Ana nan sai jatan lande ya daina cin abinci. Ya kwashi tsakuwa ya toshe bakin raminsa, shiru kake ji. Wayar ɗan tana shiga in jirgi ya matso gaɓa, lambar kuma tana hannunta, amma ina, uwa ta kira ɗan fari? Ta ce a ranta, mara lafiya ai dubiya ake zuwa masa, ba a barinsa shi kaɗai a bayan ƙofa. Ta sa hannu ta ɗaga dutsen da ke kan ramin. Sai ga shi kwance, fayau, ba motsi, ba nauyi. Ta yi salati, ta naɗe shi a tsumma ta binne a gindin zogale, ta kwashe ruwan akwatin ta zubar don kada ganinsa ya riƙa tayar mata da hankali. Sai washegari, da ta zo juye yashin da ke cikin akwatin, ta tarar da shi a can ƙasan rami, jikinsa laushi kamar dafaffiyar kuɓewa, ya riga ya mutu. Ashe saɓa ya yi, irin ta maciji. Tsohuwar rigarsa ta binne, mai rigar yana ɓoye yana jiran sabuwa ta yi ƙwari.

Ran nan kunya ta kau, ta kira ɗan ta faɗa masa abin da ya faru. Yaron ya ce, “Inna, ai na faɗa miki, in ya rufe ƙofa a ƙyale shi. Amma ba komai. Yau ne kika fara kirana.” Ta riƙe wayar tana kallon akwatin da babu mai ƙwanƙwasa shi kuma.

To ga wayarki nan a gefen tabarma, Kande, ɗanki kuma yana da rai yana jira. Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce, a baya take.