Kalmar da Na Hana Baba

Baba lebura ne a layin dogo, a Sabon Gari. Ranar da za a kwashe su zuwa dakon kayan soja, ya tsuguna gabana a tasha, rigarsa tana warin hayaƙin jirgi.

Ya ce, "Uwata, 'yar lelena, in Bature yana son mutum ya dawo, 'kam bak' yake cewa. In jirgi ya motsa ki faɗa mini da ƙarfi, sai in dawo."

Ni kuwa fushi nake yi don ya ƙi tafiya da ni. Jirgi ya motsa, ya leƙo daga tarago, ya kara hannu a kunne. Na tsuke bakina.

Bai dawo ba. Yau jikokina suna faɗinta cikin wasa. Ni sai in tashi in shige ɗaki.