Bugun da ke Wayar Najiba

"Motar Gwarzo ta kife a Gude, wai direban ne ya yi gyangyaɗi," in ji maƙwabciyarsu Dela tana haki.

Najiba ta duba wayarta. Ita ta saya wa mahaifinta, Jalo direban hanyar Gwarzo, wani lallausan abin ɗaurawa a hannu mai auna bugun jini da haske, ya turo wa wayarta, ya kuma yi ƙara idan barci ya zo.

"Ba Baba ba ne. Ga bugunsa nan, lafiya lau."

Inna ta fito daga madafi, abin yana ɗaure a hannunta.

"Au, wannan? Babanku ya ba ni da safe. Wai na fi shi gyangyaɗi."

A wayar, bugun ya fara sauri.