Daɓen Inna

Aikin ranar nan ya yi wuya. Ina shekara goma, wani mai fataucin albasa ya kama hayar ɗakin marigayiya innata a Madawa. Ya tashi ba sallama, ya bar buhunan albasa sun ruɓe. Ruwansu ya jiƙa daɓen da ta yi da hannunta, wari har maƙogwaro.

Na ɗauko hauya zan kafce daɓen. Baba ya riƙe hannuna.

"Aje ta. Wanga daɓe kaɗai ta bar muna. Da ƙwarya za mu kwashe."

Muka yi ta kwasa har la'asar. Har yau ba na cin albasa.

Washegari na bi maƙwabta roƙon tokar da za ta tsotse warin, na barbaɗa bisa daɓen a hankali, don kada sawun madaɓinta ya ɓace.