Sunaye Sun Zo, Lambobi Ba Su Zo Ba

Akawu ne a wani ƙaramin asibiti, mutum mai saurin hannu, irin wanda kafin ka rufe baki ya ce ya gane. Ranar da aka kawo sabuwar kwamfuta ɗakin gwajin jini, shi aka ɗora wa kwaso saƙonnin imel da adireshin mutane daga tsohuwar.

Aikin ba na wasa ba ne. A cikin adireshin nan aka ajiye mutum ɗari biyu da sha huɗu da suka yi alkawarin ba da jini duk sa'ad da aka kira su, kowa da lambar wayarsa da rukunin jininsa. Kwamfutocin biyu kuwa ba tsarinsu ɗaya ba, abin da wannan ta rubuta ba lallai ne waccan ta karanta shi daidai ba.

Akawu ya kwafe, ya zuba a sabuwar, ya ƙirga sunaye. Sun cika cif.

"Sista, an gama. Zan goge tsohuwar, masu ɗakin magani suna jiranta."

Sista, babbar ma'aikaciyar jinya, ta ce, "Ɗana, bar ta ko mako guda. Ka buɗe su ka duba kuwa?"

"Haba Sista, ni da aikina? Ko mutum ɗaya bai ɓata ba."

Ko suna ɗaya bai buɗe ba. Ya goge tsohuwar tas, ya miƙa ta.

Bayan kwana tara, da hantsi, matar wani birkila ta haihu, jini ya ƙi tsayawa. Rukunin jininta irin wanda ba a cika samu ba ne. Ledar jini ɗaya da ke firji aka ƙara mata, ta ƙare. Mijin ya miƙa hannu, nasa bai dace ba.

Sista ta shigo da gudu. "Muna da mutum sha ɗaya masu irin jininta. Kira su yanzu!"

Akawu ya danna suna na farko. Ga suna, ga adireshin imel, amma gurbin lambar waya fayau, na rukunin jini ma haka. Ya danna na biyu, na goma, na hamsin. Duk haka suke.

Sista ta ce, "Ina lambobin?"

Ya nuna mata guraben, fayau. Sista ta dube shi sau ɗaya, ta juya. Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Ya aika wa dukansu saƙon imel lokaci guda, yana roƙo. Amma wa ke zaune yana gadin imel da tsakar rana? Aka tura mota babban asibiti neman jini, tafiyar awa biyu zuwa da dawowa. Kafin motar ta dawo, matar ta cika.

Da yamma amsa ta shigo daga wani tela: "Yanzu na gani, ga ni nan tafe. Me ya hana ku kira ni?" Shagonsa a bayan katangar asibitin yake.

Akawu yana zaune ya zuba wa saƙon ido, sai birkilan ya leƙo rungume da jaririya a cikin zani. Ya ce, "Malam, an ce kai ka yi ta neman mana masu jini. Ka yi iya ƙoƙarinka, Allah ya saka da alheri."

Akawu ya kasa cewa amin. Har yau yana aiki a wurin, ya bi gida-gida ya sake haɗa lambobin, amma wannan godiyar ba ta bar shi ya sake ba.

Mai karatu, in za ka kwashe saƙonni da adireshi zuwa wata na'ura, ƙirga sunaye ba dubawa ba ne. Buɗe su ka gani da idonka, ka ajiye kwafi, kuma kada ka goge tsohuwar sai sabuwar ta yi maka aiki. Sakacin minti biyar yana iya cin rai.