Ranar da Batir Ya Mutu

Batirin rediyo ya mutu daidai lokacin da tela ya miƙe yana nuna shi da almakashi.

“Wai inshorar lafiya ga kowa! Gwamnatin da ta kasa yashe kwata ce za ta kula da jikina? Mai lafiya ya biya wa marar lafiya, ina dalili?”

Kwana biyun nan, da an fara muhawarar inshorar a rediyo sai matarsa ta ƙure ƙararsa. Har alfahari yake yi wa abokai, wai maiɗakinsa ta fara gane siyasa.

Yau da ɗakin ya yi tsit, sai ya ji abin da rediyon ke rufewa: tari mai zurfi daga bayan labule, ana danne shi da gefen zane.

Ya ɗaga labulen, ya dubi matarsa. “Tun yaushe?”

“Ba komai, Malam. Na san in ka ji, keken ɗinkin nan za ka sayar.”

Ya ajiye almakashin, ya ɗauko mayafinta ya yafa mata da kansa, abin da rabonsa da yi tun suna amarci.

“Tashi mu je asibiti.”

“Ba ka ji ƙarshen muhawarar ba fa,” ta ce, tana ƙoƙarin murmushi.

Ya durƙusa yana sa mata takalmi.

“Na ji. Yanzun nan na ji.”