Furen da Ba Ya Taka Ƙasa

Ka ce tun da ka ɗauko gyatumarka daga ƙauye ka ba ta ɗaki mai fanka, ka hana ta kawar da ko tsinke, sai ramewa take yi, ka rasa inda ka gaza. To, gyara zama in ba ka labarin wani manomi.

Manomin nan hannunsa na da albarka, ko muciya ya dasa sai ka yi zaton za ta yi toho. Matarsa 'yar wani gari ce a bakin kogi, can kudu. A ƙofar gidan ubanta akwai giginya, a jikinta kuma wani tsiro ya maƙale, wanda ake kira manta-uwa. Kararensa kamar ƙananan rake suke, da rani yakan yi fure rawaya mai ɗigo-ɗigo irin na fatar damisa. Ba ya tsotsar itace kamar kauci, masauki kawai ya nema. Da tsufa ya zo wa matar, ƙafa ta ƙi, ta daina zuwa ganin gida. Wata damina iska ta kayar da giginyar, ƙaninta ya ɓamɓaro tsiron ya aiko mata a buhu. Ta rungume shi tana hawaye, domin shi kaɗai ya rage mata na gidan da ta tashi. Mijin ya bugi ƙirji ya ce in Allah ya yarda a tsakar gidanta za ta ga furen.

Sai ya yi wa tsiron abin da manomi ya sani. Ya haƙa rami a gindin randa, ya zuba baƙar ƙasar fadama da takin awaki, ya binne saiwar, ya sa dunduniya ya danne, ya bi da ruwa safe da yamma. Ganye ya fara rawaya, ya ce yunwa ce, ya ƙara taki. Kara ya yi laushi, ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa. Garin neman ƙiba aka samo rama. Matar tana kan tabarma tana kallo, amma wa zai koya wa manomi shuka a cikin gidansa? Kararen suka riƙa ruɓewa har saura ɗaya. Ran nan ya tone, wari ya buge shi, saiwar duk ta yi baƙi. Kunya ta kama shi, ya zauna gefenta ya yi abin da ya kamata ya yi tun farko: ya tambaye ta wa ke ba tsiron ruwa a gidansu. Ta yi murmushi ta ce, "Malam, ai ba kowa. Tun ina yarinya ban taɓa ganin ya taka ƙasa ba. Ruwan sama ya jiƙa shi, iska ta busar da shi, busasshen ganye ya faɗo cikin saiwarsa, tuwonsa ke nan."

Ya datse ruɓaɓɓen, ya shafa toka, ya hau tsani ya ɗaure karan da igiyar kaba a reshen mangwaro, daidai inda take hange daga ƙofar ɗakinta. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne ƙyale shi. Sai ya ɗauko buta ya nufi mangwaron, ta yi gyaran murya, ya wayance ya juye wa barkono. In zafi ya tsananta yakan yayyafa masa ruwa da yatsu, ya wuce. Ranin farko ba fure, amma fararen saiwoyi sun fito sun kama ɓawon itacen da kansu. Da rani ya sake zagayowa, wata safiya furen ya buɗe. Ta sa aka ja mata tabarma zuwa gindin mangwaron, ta wuni a nan tana kallo, ranta fes. Da ya dawo daga lambu ya tambaye ta gajiya, sai ta ce, "Wace gajiya? Ai yau na je gida."

Saboda haka ka koma ka tambayi gyatumarka yadda take wuni a can. Wataƙila tsintsiya take so da 'yan kajin da za ta watsa wa tsaba. Ba a banza Hausawa suka ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi ba.